Zomo Daga Zaune

A ƙasar Adar akwai sana'ar da tsufa ke ƙara wa daraja, akwai wadda yake kashewa. Malami in ya tsufa, almajirai ƙaruwa suke yi a zaurensa. Maƙeri in hannunsa ya gaza sai ya koma gefe yana nuna wa ƴaƴansa inda za su buga, kuma maƙerar tasa ce har gobe. Mafarauci kuwa da ƙafa yake ci. Ranar da gwiwa ta ƙi shi, karnuka ma sun sani, sai ka ga sun fara bin ƙaramin yaron gidan. Hausawa kuma sun riga sun yanke masa hukunci tun bai tsufa ba, suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, suka ƙara da cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Wannan labarin wani nema ne da gidanmu ya yi bara: neman farautar da tsoho zai iya, wadda ba za ta karya shi ba, kuma ba za ta kunyata shi ba. Na kawo shi nan ne don na san da yawa daga cikinmu mun baro irin wannan tsoho a gida, ko maharbi, ko mai haƙar rijiya, ko mai bin shanu.

Kakana mutumin Babban Katami ne, cikin ƙasar Buza. Tsoho muke ce masa, shi kuma yana ce mini Aboki, in yana jin tsokana ya ce ɗan lakkol. Katinsa na ɗan ƙasa ya ce an haife shi wajen 1946, shi kuwa ya ce mai rubutun ya cinye masa shekara biyu. Da damina manomi ne kamar kowa. Amma da an ɗaure dammunan hatsi an zuba rumbu, sanyi ya fara saukowa, sai ya zama wani mutum daban. Ya ɗauko walki, ya shafa wa gorarsa mai, ya duba kerensa, wato sandan nan mai lanƙwasasshen kai da ake jifa da shi, ya fara yi wa karnuka magana kamar masu jin Hausa.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai in ɗan kwatanta masa. In ka yi gabas wajen Dakwaro, jigawa ce mai laushi. In ka yi yamma wajen Buza da Keita, duwatsu ne. Ba su da tsawon a zo a gani, kuma samansu a shimfiɗe yake kamar faifai. Wahalar tana gefensu: gangare ne mai tsakuwa da ƙananan duwatsu waɗanda ba su kama ƙasa ba, ka taka ɗaya ya gangara da kai, ga kwazazzabai da ruwan damina ya yanka ta ko'ina. Farautar gayya kuwa hawa ce da sauka tun hantsi har la'asar. A buga gangi, samari su jeru su hau, su kori abin da ke bisa, su sauko su haye na gaba.

Shekara uku da suka wuce Tsoho ya faɗi a irin wannan gangare. Bai karye ba, amma gwiwar dama ta kumbura ta yi kamar tulu. Majon likita ya duba ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi, kuma ba ya sake tohowa, sai dai a rage zafi. Ya ce abu uku zai kiyaye: gangara, tsugunno mai tsawo, da ɗaukar kaya mai nauyi. Sauka ta fi hawa cin gwiwa, don kowane taki nauyin jiki duka a kanta yake dira. Amma ya ƙara da wata magana da Baba bai so ji ba. Ya ce kada a zaunar da shi wuri ɗaya, tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa magani ce, zama kuwa sandarar da gwiwa yake yi.

Rani biyu Tsoho ya yi a gida. Duk ranar da aka buga gangi sai ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Abincinsa ya ragu, faɗansa ya ƙaru. A rani na uku, ina gida hutu, ya tara mu bayan isha'i ya ce:

"Bana ina hita. Ko ku so, ko ku ƙiya."

A ɗakin nasa akwai ƙaho guda rataye a bango, mai kauri, ya lanƙwasa baya kamar lauje. Na ragon dutse ne. A Adar babu wannan dabba, sai arewa, a duwatsun Abzin da Tarmit. A 1971, shekarar da aka fara fitar da yuraniyom a Arlit, Tsoho ya tafi can aikin lebura. Ya yi abota da wani Ba'abzine, wanda ya kai shi garinsu a gindin dutsen Bagzan. Ƙololuwar Bagzan ta ɗan haura mita 2,000, ita ce mafi tsawo a Nijar, duwatsunmu ba su kai rabinta ba. Ragon dutse launin dutsen ne da shi, ja-ja kamar yashi, da dogon gashi daga maƙogwaro har ƙafafun gaba, kuma babban namiji yakan wuce kilo 100. In ya ji motsi sai ya sandare, ka dube shi ka ce dutse ne. Yana iya yin kwanaki bai sha ruwa ba, don haka ba ka da rijiyar da za ka tsare shi. Kwana uku suka yi suna binsa da karnuka kafin karnukan su tsayar da shi a kan wani tsauni. Abokin ya riƙe ƙaho ɗaya, ya ba Tsoho ɗaya. Ba wanda ya girma a gidanmu bai ji wannan labari sau ɗari ba, kuma duk sanda aka ba da shi dutsen ƙara tsawo yake yi.

To a daren nan ƙahon yake kallo da yana magana. Ya ce in da hali Abzin zai koma, sau ɗaya tak, kafin a kai shi inda ba a dawowa.

Wannan ƙofar kam a rufe take, kuma ni aka bar wa faɗa masa, tunda ni ne mai karatu. Tun 1988 aka mai da babban yanki na Abzin da Tenere gandun da aka hana farauta, a 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ragon dutse kansa ya yi ƙaranci, yana cikin jerin namun da ake jin tsoron ƙarewarsu. Daga Tawa zuwa Agadas kawai wajen kilomita 400 ne a kan hanyar da ta farfashe, ga rashin tsaro a bayan nan. Ya saurare ni har na gama, ya ce:

"Na jiya. Ni ma na san rago ya hi ƙarhina. Amma dutsen bayan gari ba na UNESCO ba ne."

Daga nan gidan ya rabu. Baba ya ce a'a, kai tsaye. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Shi ya ɗauko Tsoho a bayansa ranar faɗuwar, shi ya sai da tunkiya ya biya magani. Ya ce mutum mai kusan tamanin wurinsa masallaci da tasbaha, kuma in Tsoho ya karye a daji, gari ba zai ce tsoho ya yi taurin kai ba, cewa za a yi ƴaƴansa sun kasa riƙe shi.

"Baba, ka yi naka," in ji shi. "Mi ya rage da ba ka kamo ba?"

Tsoho bai ba shi amsa ba. Ya dai ja bargo.

Wani ɗan baffana mai kabu-kabu ya kawo tasa dabarar. Ya ce ai yanzu ba mai wahalar da kansa, a ɗora Tsoho a bayan moto da dare, a haska cocila, zomo in haske ya buge masa ido tsayawa yake yi, sai a buge shi. In kuma rana yake so, ga tramol, ƙwaya biyu ya manta yana da gwiwa. Ƙwayar nan duk mun san abin da ta yi wa samarin garuruwanmu, ga shi kuma ɓoye ciwo kawai take yi gwiwa na ci gaba da lalacewa. Batun moto da cocila kuwa doka ma ta hana. Tun cikin shekarun 1970 gwamnati ta rufe farauta a Nijar, aka ɗauki shekaru da dama kafin a sake buɗewa. Dokar 29 ga Afrilu 1998 da ake aiki da ita ta san da farautar gargajiya, amma ta haramta farautar dare, da ta fitila, da bin nama a kan abin hawa mai inji, da cinna wa daji wuta. Sai dai Tsoho ba tsoron ma'aikatan gandun daji ne ya hana shi ba. Cewa ya yi:

"Wanga sata ta. Nama na kwana ka je ka makantar da shi? In haka ne a kai ni akurkin kakarku in kamo kaza."

Ni kuma na ɗauko salula na shiga intanet, na ga ashe tambayar ba tamu kaɗai ba ce. A Alaska da yammacin Kanada akwai wata akuyar dutse, fara fat mai dogon gashi, da ke zama inda mutum sai ya yi rarrafe. Farautarta tana cikin mafi wuya a ƙasashen, kuma tsofaffin mafarautansu su ma neman sauƙi suke yi. Wasu a kai su gindin dutse bisa doki. Wasu su bi bakin teku cikin jirgin ruwa suna hangen dutsen da madubin hange. Wasu su jira ƙarshen lokaci, sa'ad da ƙanƙara ta rufe ƙololuwa ta koro awakin ƙasa-ƙasa. Na kuma ga cewa ragon dutsen namu an kwashe shi zuwa Amurka tun da daɗewa, ya hayayyafa a jihar Texas, har akwai manyan gonaki masu shinge inda mai kuɗi ke biya a kai shi kusa da shi cikin mota.

Na karanta masa duka ina fassarawa. Da na zo kan Texas ya yi dariya har da tari.

"Ragon layya ke nan, Aboki. Sai dai ba lada."

Amma da na maimaita batun ƙanƙara sai ya yi shiru, ya ce in sake faɗi. Na sake. Ya gyaɗa kai ya ce wanda ya gano wannan ya san daji, don ya bar naman ya sauko da ƙafarsa.

Na gwada wata shawarar kuma. Gandun Gadabeji yana nan gabas da mu, arewa da Dakwaro, an keɓe shi tun 1955, kuma a 2018 aka kai masa raƙuman dawa takwas daga Kure. Na ce mu nemi mota mu je ya ga barewa da raƙumin dawa, ya wanke ido. Ya ce zai so haka wata rana, amma kallo daban, fita daban. A nan na fara gane cewa ba nama yake nema ba. So yake ranar da aka buga gangi a ƙidaya da shi.

Kakata ce ta warware. Duk kwanakin nan ba ta ce uffan ba, tana gefe tana ɓarar gujiya. Ran nan da safe ta aje masa furarsa ta ce:

"Maigida, zamanin da kana saurayi, in kun hau dutsi, tsohon sarkin baka ina yake zamnawa?"

Ya dube ta bai ce kome ba.

"Kai ka sha gaya min. Kun hau kun sauka kun yage ƙahwahu, ku iske shi gindin aduwa da zabi biyu a gabanshi, ku ce tsohon nan asiri gare shi."

Ba asiri ba ne, kuma Tsoho ya fi kowa sani. Naman da aka kora ba ya gudu barkatai. Kowane dutse yana da matsera, wato hanyar da nama ke bi in an matsa masa, kuma ba ta canzawa sai in ruwa ya canza kwazazzabon. Zabin daji sun fi son gudu da ƙafa, in an ƙure su su tashi, su yi shawagi daga bakin dutse su dira ƙasa, su bi cikin kwazazzabo zuwa inda sabara da geza suka yi duhu. A da, farautar gayya kashi biyu ce: masu kora a bisa, masu tsaro a ƙasa. Samari ke kora, dattawa ke tsaro, don sai wanda ya yi shekara talatin yana kora yake sanin inda abin da ya kora ke fita.

Abin da ya sa muka manta da wannan tsari shi ne an yi shekaru babu abin tsarewa. Farin 1973 da 1974 ya kashe itatuwa, yunwar 1984 da ake kira El-Buhari ta ƙarasa saura, gonaki suka haye har gindin duwatsu. Barewa da jiminar da Tsoho ya sani yana yaro suka ɓace daga wajenmu. Dattawan zamanin suka mutu, na bayansu suka taso suna bin ɗan abin da ya rage da gudu kawai. Daga baya ne ƙasa ta ɗan farfaɗo. A kwarin Majiya an fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska tun 1975. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a kan fako don tare ruwa, aka dasa itatuwa ba iyaka, daga baya aikin ya taɓo ƙasar Buza. Manoma kuma suka koyi barin tohon itace a gona. A ganin Tsoho, tun daga nan zabi da zomaye suka fara komowa. Nama ya dawo, amma ba wanda ya koma gindin aduwa.

Sai dai sanin abu daban, yarda da shi daban. Kwana biyu yana gunaguni.

"Ni za a aje awa buhun hatsi? Yaran da na koya ma jihwa su wuce ni suna sannu Baba?"

Kakata ta ce masa wancan tsohon da suke ce wa mai asiri, ta taɓa jin wani ya raina shi? Rana ta uku ya kira ɗan baffan nawa, ya ce ya je ya gaya wa shugaban samari yana son ganinsa. Da ya zo, Tsoho ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana dutsen da yatsa, ya nuna masa ta inda za su hau, ta inda za su karkata, da inda ba ya son kowa ya leƙa. Baba bai ce ya yarda ba. Sharaɗi ya kafa: a kan jaki za a je, a kan jaki za a dawo, ba hawan ko taki ɗaya, kuma ni ba zan matsa daga gefensa ba.

Ranar muka fita bayan asuba, tun kafin masu gangi su taru. Cikin watan Fabrairu ne, sanyi ya fara sassautawa amma hazo bai ɗauke ba. Na yi wa jaki shimfiɗa biyu, na rataya gorar fura da butar ruwa da wata ƴar kujerar katako ta kakata, don kada ya tsuguna. Ya sa na cire farar rigata na sa wata tsohuwa mai launin ƙasa, ya ce salula kuma a kashe ta ko a bar ta gida. Karensa guda, wanda shi ma gemunsa ya yi fari, ya biyo mu.

Tafiyar da samari ke yi cikin rabin awa mun yi ta cikin awa guda da wani abu, don mun zagaye duk inda ke da gangara. A hanya bakinsa bai huta ba. Ya nuna mini sawun zabi a kan yashi, ya ce na jiya da marece ne, don ƙwaro ya ratsa ta kansa da dare. Ya nuna kashin zomo a gindin sabara, ya murje shi da yatsa ya ce bai kwana biyu ba. Shekarata ashirin da biyu ina bin wannan hanya, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wurin da ya zaɓa bakin wani kwazazzabo ne inda ya ƙuntata, faɗinsa bai fi taki goma ba. Ya ɗebi ƙura ya sake ta a hankali, ya ga inda iska ta kai ta, ya ce mu koma ɗaya gefen don kada warinmu ya shiga ciki. Ya zauna rana na bayansa, wata magariya ta rufe shi rabi. Na ɗaure jaki nesa. Ya aje kere biyu a dama, ya dafa wuyan kare da hagu, muka yi shiru.

Jiran nan ne mafi wuya, kuma ba a gwiwa wuyar take ba. Da hantsi muka ji gangi daga nesa, sai ihu, sai haushin karnuka a bisa dutse. Na ga jikinsa duka ya karkata gaba. Yatsun ƙafarsa suna motsi cikin takalmi. Sau biyu ya dafa ƙasa kamar zai miƙe, sau biyu ya koma. Bai dube ni ba, ni ma na kau da kai.

Zomo ne ya fara fitowa. Ya zo kamar an harbo shi, Tsoho ya jefa, keren ya bugi ƙasa a bayansa, ya wuce abinsa. Karen ya bi shi taki kaɗan ya dawo yana haki. Ba wanda ya yi magana. Can sai muka ji fuka-fuki, zabi wajen goma suka zubo daga bakin dutse suka dira cikin kwazazzabon, suka taho a guje a jere, daidai inda yatsansa ya bi a ƙasa kwana uku da suka wuce. Ya bar na gaba suka wuce. Ya jefa a tsakiya, ƙasa-ƙasa, daga zaune. Ɗaya ta faɗi tana bugun ƙasa, kare ya danne ta. Na ruga na kawo masa, ya yi bisimilla ya yanka da wuƙarsa. Hannunsa na rawa. Ya goge wuƙar a yashi, ya ce:

"To, Aboki. Hausawa sun yi gaskiya, zomo bai kamu ba. Amma ba su ce zabo ba."

Na zaci aikin ranar ya ƙare, ashe babban yana gaba. Wajen azahar muka ji hayaniya ta canza, ta zama ta faɗa. Duk wanda ya san farautar gayya ya san yadda take rikiɗewa: gora a hannun kowa, jini ya yi zafi, a kan zomo guda sai a fasa kai, gari biyu su yi shekara ba sa ga maciji. Samarinmu ne da na wani ƙauye maƙwabci. Ɗaya ya ce shi ya jefa, ɗaya ya ce karensa ya kama. Shugaban samari ya rasa yadda zai yi, sai ya tuna akwai dattijo a ƙasa. Suka gangaro su wajen talatin, kowa na magana.

Tsoho bai tashi ba. Ya ce a aje gorori can, a miƙo zomon. Ya shafa shi daga kai har wutsiya, ya tsaya a ƙafar baya, ya lanƙwasa ta, kowa ya ga a karye take. Ya buɗa gashin ya nuna inda jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, babu hudar haƙori. Haƙoran kare a wuya suke. Ya ce sanda ce ta fara taɓa shi, da ba ta karya shi ba wannan kare ba zai cim masa ba. Yadda aka gada a wajenmu, nama na wanda ya fara sa masa rauni ne, mai kare kuma a ba shi cinya. Mai jifan ɗan wancan ƙauyen ne. Namu suka yi gunaguni, amma ba wanda ya ɗaga gora. Wani dattijo-dattijo daga cikin baƙin ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce mahaifinsa ya sha ba shi labarinsa, ya zaci ya rasu.

Mun dawo kafin la'asar. Gwiwar ta kumbura duk da jakin, kwana biyu kakata tana gasa masa ita da ruwan zafi. Baba ya ga kumburin ya ce ai ga irinta nan, kuma har yau bai janye maganarsa ba. A ganinsa sa'a muka yi, wata rana kere zai kuɓuce, tsoho ya manta da sharaɗi ya miƙe ya bi nama. Ba zan ce ba zai faru ba, don na ga yadda ƙafafun nan ke motsi cikin takalmi. Amma na kuma ga ya cinye tuwonsa a daren, ya nemi ƙari, ya sa aka raba zabuwar nan har gidan maƙwabta, kowa ɗan yanki. Tun daga ranar kuma samari suka fara zuwa zaurensa da marece suna tambayarsa duwatsu da sunayensu.

Ga wanda ke da irin wannan tsoho, abin da muka yi ba shi da tsada. A tambayi likita abin da jikin zai iya da wanda ba zai iya ba, a riƙe amsar duka, har da ɓangaren da bai yi wa masu gida daɗi ba. A rage masa hanya, a bar masa aikin. A sa yaro guda a gefensa mai ɗaukar kaya da rufe baki. Sauran kuma a bar shi ya tsara, don in kai ka tsara masa zai ji ajiye shi aka yi.

Matsalar da ta rage ba ta tsofaffi ba ce. Tsaro ba ya yiwuwa sai da masu kora, kuma Adar ƙasar ƴan bida ce. Da an gama girbi samari sun kama hanyar Abijan, ko Najeriya, ko Libiya da Aljeriya, mu kuma ƴan makaranta muna Tawa da Yamai. Farautar da a da take tara ɗaruruwa, bara da ƙyar aka haɗa talatin daga gari biyu.

Bana dattawa uku ne suka aiko wai a sa da su. Tsoho ya ce ya san matsera huɗu a dutsen nan, ya riga ya raba wa kowa tasa, ya riƙe mai kyaun. Jakai biyu gare mu, ana neman na uku. Ya kuma ba ni saƙo ga abokan karatuna, ya ce in gaya muku in hutu ya zo daidai, duk mai ƙafa da ke son ganin yadda ake yi ya biyo ni Babban Katami. Ya ce ku zo da takalmi mai ƙarfi, ku bar farar riga a gida.